Mai Kunne, Makanikin Injin Yankan Ciyawa (1951–2019)

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayin da aka fi sani da laƙabin Mai Kunne a cikin shekarar 1951, a unguwar ma'aikata da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a wani gari mai yawan ruwan sama inda ciyawa ba ta jiran a shuka ta. Mahaifinsa mai kula da lambu ne a gidajen manyan ma'aikatan wani kamfani, mahaifiyarsa kuwa tana ɗinki da keke a ɗakinta. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne ya gaji mahaifinsu a harkar ciyawa, sauran duk suka kama gabansu.

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1958, ya kammala a 1965 ba tare da wani abin a zo a gani ba. Malaminsu na lissafi ya taɓa gaya wa mahaifinsa cewa gangar jikin yaron ce kawai a aji, kunnensa yana can titi yana bin motoci. Gaskiya malamin ya faɗa, domin tun yana ɗan shekara goma yakan faɗi motar wane ce ta shigo layi kafin kowa ya gan ta.

Koyon sana'a

Daga shekarar 1965 ya fara bin mahaifinsa aiki, yana tura injin hannu wanda ba ya shan mai sai ƙarfin ƙirji, yana aske shinge da almakashi, yana tara ganye da manjagara, yana jan mesar ban ruwa daga wannan gida zuwa wancan. A 1971 kamfanin ya sayo injuna huɗu masu amfani da fetur, tsofaffin masu lambu suka ja da baya suna cewa abin nan zai ci ƙafar mutum, shi kuwa ya rungume su. Ganin haka aka tura shi garejin kamfanin, inda ya yi shekara uku a hannun wani tsohon makaniki mai zafin rai.

A wurin tsohon ya koyi wasa wuƙar inji da magagari, da rataye ta a jikin ƙusa don a ga ko wani ɓangare ya rinjayi wani, domin wuƙar da ta rinjaya ita ke girgiza inji har ta kashe shi. A wurinsa kuma ya koyi babbar ƙa'idar sana'ar, wato a cire wayar filogi, wadda in babu ita inji ba ya tashi, kafin hannu ya shiga ƙarƙashinsa, kuma kada a mayar da ita sai an ga hannun kowa a waje. Duk wanda ya manta, tsohon yakan tuna masa da sifana a bayan hannu.

Sai dai baiwarsa ta gaskiya ba koya masa aka yi ba. Mai inji yakan turo injinsa, a ja igiya ya tashi, marigayi ya karkata kai ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kashe shi. Kafiretarka ta sha datti," ko kuwa, "Wuƙar nan ta ci dutse, kada ka yi mini musu." A buɗe a tarar haka ne. Daga nan laƙabin Mai Kunne ya bi shi, kuma tilas a faɗi cewa ya so sunan nan fiye da kima, har ya fi son sa a kan sunansa na yanka.

Aure, iyali da shago

A shekarar 1975 ya auri 'yar wani kafinta maƙwabcinsu, mace mai haƙuri amma mai kaifin harshe. Ita ce ta taɓa ce masa a gaban baƙi, "Malam, da ni inji ce, da tuni ka san abin da ke damuna tun ban yi tari ba." Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1977 da 1988, ɗaya ta rasu tana jaririya. Babban ɗan, wanda duk gidan ke kira Yaya, ya taso da hannu mai kyau a zane, har ya yi karatun zanen gine-gine.

A 1980 marigayi ya ajiye aikin kamfani ya buɗe shagonsa a bakin titin da ke shiga unguwar masu manyan gidaje. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano, ƙasansa ya yi baƙi da mai, wuƙaƙe rataye a bango kowace da alamar mai ita, almakasan shinge da manjagara a kusurwa, sai bulo biyu a tsakiya inda ake ɗora injin da za a duba. Da damina layin injuna yakan kai bakin kwalta. Daga safe zuwa yamma ƙara ce kawai a rumfar nan, kuma bai taɓa toshe kunnensa ba, yana cewa makanikin da ya toshe kunne ya rufe shagonsa ne.

Raunin ji

Wajen shekarar 1996 ya fara jin wani shuu a kunnen hagu wanda ba ya tsayawa, daga baya na dama ya bi sahu. Bai gaya wa kowa ba, bai je asibiti ba. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kada a ce Mai Kunne ba ya ji. Sai ya samo dabara, ya riƙa ɗora tafin hannu a kan murfin inji, ko ya dafa bakin sukundireba a jikin ƙarfe ya manna ƙotar a muƙamuƙinsa, yana karanta girgiza maimakon sauti. Masu injuna suka ɗauka wata sabuwar gwaninta ce, suka ƙara yaba masa.

Maganar mutane ita ce ta fi ba shi wuya. Yakan kalli baki ya yi kirdado, kuma ba kullum yake dacewa ba. Akwai ranar da wani tsohon mai kawo masa gyara ya ce masa mahaifiyarsa ta rasu, shi kuwa ya washe baki ya ce, "Madalla, jibi ka dawo." A gida mai ɗakinsa ta koma ba ta yi masa magana sai ta zo gabansa ta ɗaga murya, in ya tambayi dalili ta ce ita ce tsufa ya sa ta ihu. Ya yarda da hakan domin yana son ya yarda.

Hatsarin shekarar 1999

A wata Asabar ta tsakiyar daminar 1999, saura kwana tara Yaya ya fara aiki a wani ofishin zanen gine-gine, ya leƙo shago ya tarar aiki ya yi wa mahaifinsa yawa, ya naɗe hannun riga. Yana da shekara ashirin da biyu. Aka ɗora wani tsohon inji a kan bulo, marigayi ya gama da kafireta, Yaya kuma ya tsuguna ta ɗaya gefen yana ƙwaƙulo jiƙaƙƙiyar ciyawar da ta daskare a bayan wuƙa. Marigayi ya mayar da wayar filogi ba tare da ya leƙa ba, ya juya baya ya kama igiya. Sau biyu Yaya ya ce, "Baba, dakata, hannuna na ciki." Mai facin taya da ke maƙwabtaka da su ya ji, mahaifinsa bai ji ba, ya ja igiyar.

Yatsu uku na hannun daman Yaya suka tafi, sai babban yatsa da ƙaramin suka rage. Wannan ƙaddara ce, kuma ana iya jure ta. Abin da ya biyo baya shi ne ba ƙaddara ba. A barandar asibiti, a gaban surukai da maƙwabta da masu kawo gyara, wani ya tambayi yadda aka yi, marigayi ya ce, "Ya sa hannu bai faɗa ba. Yaran yanzu ba sa jin magana." Ƙofar ɗakin a buɗe take, Yaya yana kwance yana ji.

Shekarun shiru

Aikin zanen bai yiwu ba. A shekarar 2000 Yaya ya koma wani gari mai nisan kwana ɗaya a mota, ya koyi rubutu da hagu, ya zama malamin makarantar sakandare, ya yi aure a can ya hayayyafa. Bai yanke zumunci ba. Yakan zo sau ɗaya ko biyu a shekara, ya durƙusa ya ce, "Baba, mun same ku lafiya?" a ce masa lafiya lau, shi ke nan. Hannunsa na dama kullum yana cikin aljihu, mahaifinsa kuma kullum idonsa yana wani wuri. Shekara ashirin suka yi a haka, kuma babu ranar da marigayi bai tuna da abin da ya faɗa a barandar nan ba.

Ya zama mai tsananin dokar filogi har abin ya koma kamar ciwo. Yakan cire wayar ya ɗaure ta da tsumma ja, ya zagaya injin sau biyu kafin ya taɓa igiya, ko da shi kaɗai ne a rumfar. Sannu a hankali injuna masu lantarki da batir suka shigo, marasa kafireta, marasa ƙara, waɗanda in sun lalace sai dai a sauya. Layin ƙofar shago ya ragu, kuma a 2011 ya rufe shagon ya raba kayan aikinsa ga makanikan unguwa.

A shekarar 2014 mai ɗakinsa ta kwanta ciwon ajali. Wata rana da hantsi ta kamo rigarsa, ta jawo kunnensa na dama kusa da bakinta ta ce, "Malam, ka kira yaron nan ka faɗa masa gaskiya. Kada ka tafi da ita." Wannan karon ya ji sarai, amma ya ce, "Ruwa kike so?" ya tashi ya ɗebo mata. Ta rasu bayan kwana huɗu, kuma ya yi kukan da bai taɓa yi ba, rabi nata ne rabi nasa.

Jinya da rasuwa

Bayan rasuwarta ya koma gidan ƙaramar 'yarsa, Auta, wadda ma'aikaciyar jinya ce. A lokacin jinsa ya tafi gaba ɗaya, sai dai a rubuta masa a takarda. A farkon 2019 ciwon zuciya ya kwantar da shi, idonsa ma ya yi rauni har ba ya iya karanta rubutun. Da ya ga jikin ba nasa ba ne, sai ya ce wa Auta, "Kira mini Yayanku."

Yaya ya iso ranar Laraba da la'asar, ya zauna a bakin gado a ɗakin asibiti mai gadaje shida. Marigayi ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har duk ɗakin ana jin sa. Ya ce, "Ranar nan ka yi magana, na sani ka yi. Ni ne ban ji ba. Kunnena ya mutu tun kafin nan da shekara uku, na ɓoye. Kuma na mayar da waya ban duba ba. Na yi maka ƙarya a gaban mutane. Ka yafe mini."

Yaya ya ce, "Baba, ai mun sani. Ni da Mama duk mun san ba ka ji, muka yi shiru don kada ranka ya ɓaci. Ranar nan ma na san ba za ka ji ni ba, amma na sa hannun. Na yafe maka tun tuni, wannan maganar kawai nake jira."

Marigayi ya zuba wa bakinsa ido, sannan ya juya wajen Auta ya ce, "Me ya ce?" Yaya ya sunkuya ya maimaita a kunnen dama, ya koma na hagu, ya ɗaga murya har mai jinyar gadon ƙarshe ta rufe fuskarta da mayafi. Auta ta rubuta da manyan baƙaƙe ta kai masa dab da ido, ya ƙura, ya girgiza kai. Daga ƙarshe Yaya ya zaro hannun daga aljihu ya sa a cikin na mahaifinsa. Tsohon ya bi wurin yatsun nan uku da ɗan yatsansa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya sake cewa, "Me ya ce?" Bai ƙara wata magana ba bayan wannan.

Allah ya yi masa rasuwa washegari, Alhamis, da misalin ƙarfe goma na safe, yana da shekara sittin da takwas. An yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da ke gabas da tsohon shagonsa, kusa da mai ɗakinsa. Makanikai da masu lambu da tsofaffin masu kawo masa gyara sun halarta da yawa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Ya rasu ya bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, mai ɗinki kamar kakarta, ƙaramin ɗansa, direban babbar mota, Auta, ma'aikaciyar jinya, sai Yaya, malamin makaranta, wanda har yau duk lokacin da ya kira Auta a waya, bayan sun gama gaisawa da tambayar yara, yakan ce, "Ke da kike aikin asibiti, kina ganin Baba ya gane?"