Karon Goshi da Naomi

A gidanmu na Ƙofar Dundaye, kakata Inna Kulu ba ta fara tatsuniya sai an idar da magariba. Ta kan ja kujera kusa da murhu tana suyar gyaɗa, mu kuma mu baje a tabarma, ni da ƙannena da Naomi, 'yar maƙwabcinmu Malam Bitrus, malamin makarantar da aiki ya kawo shi daga Jos.

Wata rana muka ɓata da Naomi. Ta ce a garinsu akwai duwatsun da ke taɓa gajimare. Ni da ban taɓa ganin abin da ya fi tankin ruwan unguwa tsawo ba, na kira ta maƙaryaciya a gaban yara. Kwana biyar ba ta leƙo ba. Tuwo ma ya daina mini daɗi, amma na ƙi ba ta haƙuri.

Rana ta shida Inna ta aika aka kirawo ta, ta zaunar da mu muna fuskantar juna.

"Wata tatsuniya ta taho, ku buɗe mata kunne," in ji ta.

Wai ƙasa biyu ce, ya da ƙanwa, teku ya raba su. Kewa ta ishe su, kowace ta kama hanyar 'yar'uwarta, amma tafiyar ba ta fi tsirowar farce sauri ba. Shekaru ba iyaka suna jan jiki. Da suka haɗu kuwa, an rasa mai tsayawa.

Sai Inna ta shimfiɗa zannuwa biyu a ƙasa, baki da baki. "Ke riƙe wanga, ke kuma wancan. Ku tura!"

Muka tura. Zannuwan suka tattare a tsakiya, suka yi tudu. Muka ci gaba da turawa har goshinmu ya gwaru, ƙum! Naomi ce ta fara fashewa da dariya. Ina murza goshi na ce ta yafe mini.

"Awo, haka duwatsu sunka tashi," in ji Inna.

Ashe Malam Bitrus na zaure, ya zo ɗaukar 'yarsa. Ya ɗaga murya: "Mama, ai abin da ke cikin littafi ke nan! Ɓawon duniya falle-falle ne, yana motsi a hankali. Inda biyu suka yi karo, sai ƙasa ta naɗe ta yi sama. Namu na Jos wata hanya suka bi, amma mafi tsawo a duniya haka suka samu."

Inna ta juya gyaɗarta. "To shi littahin, wa ya kai mishi labarina?"

Sai da na girma na lura ba ta taɓa cewa wance ce da laifi ba. Ta dai nuna mana cewa masu karo ba lalle su farfashe ba, suna iya tashi tare. Yanzu Naomi tana aure a Kaduna, kuma har yau ba mu daina musu ba. Jiya ma mun kwashe rabin awa muna yi a waya, sannan ta ce in ba direba kilishi ya kai mata.