Takardun Nata'ala Mai Rediyo

Duk wanda ya taɓa shan shayin safe a teburin da ke gefen masallacin layinmu a Zongon Lomé ya san Nata'ala mai rediyo. Ko bai riƙe fuskarsa ba, ya riƙe muryarsa. Ni tela ne, shagona na kallon nasa shekara talatin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

An haife shi a tsohon Zongo, can cikin gari, kafin a rushe unguwar a kwaso mu nan arewa yana ɗan shekara tara. Fataucin goro ne ya kawo kakansa daga Kano. Ubansa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsoron hukuma, shi ya sa ya yi abin da yawancin iyayenmu ba su yi ba. Ya yi wa ɗansa takardar haihuwa, ya yi ta sintiri har ya karɓo masa takardar zama ɗan ƙasa, wadda muke kira nasiyonalite. Mutanen Zongo sun san azabar wannan takarda. Sai a ce ka kawo ta ubanka, ka kawo ta kakanka, alhali kakan naka ko sa hannu bai iya ba.

A shekara ta dubu biyu da biyu Nata'ala ya cike takardar cacar bizar Amurka, don wasa kawai, sai sunansa ya fito. A lokacin mahaifiyarsa na kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Baffansa Alhaji Mamadou ya tara dangi, aka yanke cewa bai kamata arziki ya zo ƙofar gida ya koma ba. A wurinmu takarda kayan gida ce, kamar babbar rigar zuwa ɗaurin aure, wanda ta yi wa daidai shi ke sakawa. Akwai Ismaël, ɗan goggonsa, haifaffen Maraɗi, yana zaman banza a tashar manyan motoci. Taubashinsa ne, sa'ansa ne, har kama suke yi. Aka buɗe akwatin tsohuwa aka miƙa masa takardun biyu, ya je ya yi katin shaida da fasfo da hotonsa, ya hau jirgi da sunan Nata'ala. Ba wanda ya ga laifi a ciki, har da ni. Mun ci waina a walimar.

Shekarun farko Ismaël ya aiko da takalmi da agogo, daga baya gaisuwar sallah kawai, daga nan shiru. Nata'ala bai damu ba. Sai ma ya mai da abin ado, yana cewa, “Ni fa ina Amurka, gangar jikina ce kawai a nan.” Tunda kuma yana Amurka, siyasarta ta zama tasa. Wayar hannu ta kashe masa sana'a, ya koma gyaran tocila da fanka, amma kullum akwai rediyo uku a kunne a shagonsa, kowace da tashar da take kamawa. Da safe ya zo teburin shayi ya sauke mana abin da ya kwaso, da gishirinsa.

Ciwon suga ya kama shi tuntuni, yana shan magani in ya samu. Da daminar bara ɗigon narkakkiyar dalma ya faɗo masa a babban yatsan ƙafar hagu yana aiki, bai ma ji ba. Wurin ya tashi, ya fashe, ya ƙi warkewa. Likita ya ce ƙafar za ta tsira in an yi aiki an kankare ruɓaɓɓen naman, a riƙa wanki da allura kullum na wata biyu. Abin ya fi ƙarfin mai gyaran tocila. Aka ce masa ya yi katin inshorar lafiya, da shi kaɗan zai biya. Ya hau zemijan, wato ɗan acaɓa, ya je neman kwafin nasiyonalite ɗinsa don ya fara yin katin shaida. Ma'aikaciyar ta duba na'ura, ta juyo masa da ita. Ga sunansa, ga sunan uwarsa da ubansa, ga ranar haihuwarsa, ga fuskar Ismaël. Ta ce ya ɗan jira ta kira shugabanta. Nata'ala ya ce zai kama ruwa, bai koma ba.

Wannan bai rage masa baki ba ko kaɗan. A watan Oktoba gwamnatin Amurka ta tsaya cik saboda 'yan majalisa sun kasa shiryawa kan kasafin kuɗi, shi kuwa ya samu abin yi. Ya miƙe ƙafar mai bandeji a kan benci, ƙuda na bi, yana yi mana bayani.

“Gwamnati ta rufe shago! Ɓangare ɗaya sun ce ba su sa hannu sai an ci gaba da tallafin asibiti. Ɗaya ɓangaren sun ce ƙarya ne, so ake a yi wa marasa papiye, baƙin da ba su da takarda, magani da kuɗin 'yan ƙasa. Ni ina bayan na biyun. Wanda ba shi da takarda ya koma gidan ubansa a duba shi can!”

Yana faɗa yana kallon Faruk, direban tirela ɗan Nijar da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa. Faruk ya kurɓi shayinsa ya ce, “Malam Nata'ala, ciwo yana tambayar papiye kafin ya shiga jiki?”

“Ciwo ba ya tambaya, amma asibiti dole ya tambaya. Ku ne kuka cika mana layi a nan ma. Mu da aka binne cibiyarmu a Lomé sai mu tsaya bayanku.”

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Na san inda takardunsa suke, kowa a teburin ya sani, amma muka bar shi yana zuba don muna jin daɗin kallon.

Cikin Nuwamba, kafin ma can su buɗe shagon nasu, sai ga Ismaël an sauke shi a filin jirgi da jaka ɗaya. Wata tsohuwar shari'a ce da ya ɗauka ta mutu aka tono, aka tsare shi wata huɗu, aka maido shi ƙasar da fasfonsa ya nuna. Ya yi ƙiba, ya yi furfura, yana magana ta hanci. Matarsa da 'ya'yansa uku suna can. Shi ma yana da hawan jini, kuma da yake takardunsa tsaf suke, kafin wata ya ƙare katin inshora na aljihunsa.

Nata'ala ya yi murna kamar an yi masa bushara. Ya ce wa matarsa Balkissa ta dafa shinkafa da kaza, ya kira ni shaida. Lokacin ɗakin ya fara wari, ana kunna turare ba ya rufewa. Bayan an ci, ya ce, “Taubashi, aro ya ƙare. A dawo mini da kayana.”

Ismaël ya yi dariya irin ta wasan taubasai. “Bawana, wane kaya? Shekara ashirin da uku ina amsa sunan nan. Ni na sha sanyi da shi, ni na biya haraji da shi. Kai me ka yi da shi ban da gyaran tocila?”

“Ƙafata za su yanke, Ismaël.”

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, “Yaya, ka saurare ni. Lauyana na can yana neman a maida ni. 'Ya'yana uku sunanka ne a takardunsu. Ranar da na buɗe baki na ce ni ba Nata'ala ba ne, shari'ata ta mutu, uwarsu ma za a bi ta. Nan kuma ni da kai duka gidan yari.”

Sai Nata'ala ya roƙi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya ce to a ara masa katin na wata biyu kawai, ai suna kama.

“Akwai hoto, akwai yatsa,” in ji Ismaël. “Kuma aron takarda laifi ne babba. Ni na ga yadda ake yi wa mutane a can.”

Aka kai magana gaban Alhaji Mamadou, wanda yanzu ya haura tamanin. Tsohon da ya ba da takardun da hannunsa ya saurari kowa, ya ja carbi, ya ce yara uku da uwarsu sun fi ƙafa ɗaya nauyi, Nata'ala ya yi haƙuri, Allah na tare da masu haƙuri. Balkissa ta ce daga bakin ƙofa, “Baba, ƙafar taku ce?” Aka ce mata ta shiga ciki, maza na magana.

Labari ya iso teburin shayi kafin a wanke kofuna. Washegari Nata'ala ya dogaro sanda ya zo, wani ya ce a matsa wa baƙo wuri. Wani ya tambaye shi ko yaushe zai koma gidan ubansa a duba shi. Muka kwashe da dariya, ni ma na yi, har da buga cinya. Faruk kaɗai bai yi ba, ya tura masa kofin shayi marar sukari. Nata'ala bai taɓa kofin ba, ya juya ya tafi, kuma daga ranar bai sake zama a teburin ba.

Sai da baƙin da ƙafar ta yi ya wuce idon sawu ya kama hanyar gwiwa sannan liman ya yi sanarwa ranar Juma'a aka yi karo-karo. Abin da aka tara ya isa yanka, lokacin magani kuwa ya riga ya wuce. Da za a kwantar da shi, Alhaji Mamadou ya aiko da saƙo cewa kada a kuskura a rubuta Nata'ala, don kada suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya su fito wa mutum biyu a asibitin da Ismaël ke karɓar maganinsa. Balkissa tana kuka ta faɗa wa mai rubutu abin da aka ce ta faɗa. Aka rubuta Ismaël, haifaffen Maraɗi, ba shi da takarda.

Da hantsi aka yanke ta ƙasan gwiwa. Muka nemi a ba mu ƙafar mu binne yadda addini ya ce, aka ce sai ɗan uwa mai katin shaida ya sa hannu. Ismaël ya ciro nasa. Ina tsaye ya rubuta sunan Nata'ala a ƙasan takardar, da hannu mai kyau, ya karɓi ƙunshin.

Da la'asar na koma dubiya. Allurar barci ta sake shi, zafin ya taso, yana cizon gefen zani, gumi na zuba. Wata nas ta shigo da tire, ta tsaya tsakiyar ɗakin mai gado takwas tana duba takarda.

“Monsieur Ismaël?”

Nata'ala ya kafe silin da ido.

“Monsieur Ismaël, allurar kashe zafi.”

Balkissa ta taɓa kafaɗarsa, ya ture hannunta. Nas ɗin ba ta san komai ba, aiki ne a gabanta. Ta ce in ba ya nan za ta wuce ɗaki na gaba, sai kuma zagayen gobe. Ta kira sau na uku tana juyawa.

Ya ɗaga hannu ya ce, “Na'am. Ga ni nan.”