Baƙar Akuyar Kaka Adiza

Ƙarfe bakwai da rabi, bayan sallar isha'i, mu uku ne a bakin kurfoti, murhun gawayi, a zangon Kumasi: ni, da yayata Salamatu, da kakarmu Adiza tana gasa ayaba a kan gawayi. Sai ayabar ta gasu take fara tatsuniya. Wadda ta yi surutu kafin nan, babu rabonta.

Wani dare ta ba mu labarin wani mutum mai akuyoyi biyu, fara da baƙa, da naƙuda ta kama su tare. Farar na yin kuka ɗaya, ya shimfiɗa mata ciyawa, ya zauna kusa da ita. Baƙar ta yi kuka, ya ce ai wannan fatarta kauri gare ta, ko kan dutse ma haihuwa za ta yi. Ta sake kuka, ya ce raki ne. Da gari ya waye ya tarar da ɗan baƙar yana tsotson gawarta.

Salamatu ta tambaya ko mutumin mugu ne. Kaka ta ce, "Wa ya shiga cikinsa ya gani? Ke dai ki dubi inda ƙafarsa ta nufa."

A lokacin ayabar ce a raina.

Bara 'yata Rukayya ta haihu a wani asibiti a nan Greensboro, a ƙasar Turawa inda muke zaune yanzu. Ga yadda abin ya faru, bi da bi. Da farko ta ce kanta na sarawa, nas ta ce gajiya ce. Daga nan ta ce idonta na ganin dishi-dishi, aka ce ta sha ruwa ta kwanta. Rukayya a ƙasar nan aka haife ta, Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, don haka ba rashin fahimta ba ne. A ɗakin da ke kallon namu akwai Baturiya mai jego. Ban san ciwonta ba. Na dai ga ana shiga wurinta da sauri.

An tarbiyyantar da mu kada mace ta ɗaga murya a wurin haihuwa. Na ajiye wannan, na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zan matsa ba sai an auna jininta. Da aka auna, mutum huɗu suka shigo a guje. Ta rayu.

Har yau ban san me ke zuciyar nas ɗin ba, ban kuma daina zargi ba.

Ina roƙonki, ranar da 'yarki ko ƙanwarki za ta haihu a ƙasar nan, ki ajiye aiki ki bi ta. In ta ce ciwo aka wuce ta, ke ki maimaita da ƙarfi.