Kwalbar Ƙarfin Ƙashi da Ɗiyata Ta Kawo

Tarihin ɗan Adam, in an tace shi da kyau, tarihin gwiwa ne. Da ita ake zuwa gona, da ita ake durƙusa wa manya, da ita ake sujada, kuma duk daular da ta taɓa rushewa, ina kyautata zaton gwiwar wani ce ta fara sagewa. Tawa ta fara ne shekara biyu bayan na ajiye alli. Wata Juma'a wani bawan Allah ya kawo mini kujerar roba ƙarshen sahu, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Na zauna, amma na ƙudurta sai goshina ya sake taɓa tabarma kamar na kowa.

Ɗiyata da ke aiki a Sakkwato ta zo Bodinga da wata farar kwalba mai ƙwaya casa'in. Ta ce, "Baba, wanga ba magani ba ne, ƙarin abinci ne. Kalsiyam da bitamin D. Ɗaya kullum bayan ka ci abinci, har wata ukku."

Nan kaina ya fara ɗaurewa. In abinci ne, don me sai an ƙoshi za a sha? In ba magani ba ne, me ya kai shi kantin magani? Na sa tabarau na bi takardar sau biyu kamar mai makin jarrabawa. Abin da na tsinta shi ne ana samun ɗayan a nono, ɗayan a hasken rana. A Bodinga dai ban taɓa jin an yi ƙarancin rana ba.

To, abincin rana a rumfar taubashina tela muke ci, mu bakwai, akushi ɗaya. Da muka wanke hannu na ciro kwalbar. Da magani ne, da na juya baya na haɗiye abina. Amma an ce abinci ne, kuma ba a haife ni a gidan da ake kai loma baki gaban mutane ba tayi ba. Na ce, "Bismillah." Kowa ya san amsar ita ce "Alhamdu lillahi." Sai taubashin nan ya miƙo hannu.

"Kawo mu gani, Malam. Mi ya rage ga ƙashinka da za a ɓata mai ƙwaya?"

Da ya karɓa, sauran suka ga ƙin karɓa ya zama raini. Washegari ma haka, da jibinta.

Sakamako ya soma shigowa, ba ko ɗaya da ya shafi ƙashi. Tela ya ce yanzu yana zura zare a allura ba tabarau. Mai sayar da albasa ya ce ya daina mantuwa, ko da yake sau biyu ya faɗa mini haka a zama ɗaya. Ni kuwa kowace safiya sai in taka ƙasa a hankali in saurari gwiwata, in rasa ko sauƙi ne ko sabo.

Labari ya bi 'yan kasuwa har Shagari. Yayata ta aiko daga Horo Birni, can ƙasar Shagarin, cewa ta ji na yi arzikin magani na manta da ita. Na shiga mota na kai mata da kaina. Ta juya kwalbar, na yi mata bayani.

"Nono da rana sunka ɗura maka a kwalba? Kai da karatunka duka?"

Ta dai zazzage ashirin ta ƙulle a bakin zane. Daga baya na ji har tunkiyarta mai ɗingishi ta samu rabo.

A Juma'a ta shida da zuwan kwalbar na ture kujerar gefe. Na yi sujada a ƙasa, na tashi da dafa bango, amma na tashi. Ina fita na kira ɗiyata na yi wa ilimin zamani kirari, na ce duk wanda ya raina kimiyya ya raina kansa. Ta yi murna, ta ce in ci gaba da sha kullum, kada in tsallake ko rana ɗaya, ta tambayi saura nawa.

Kwalbar ta ƙare tun rana ta tara. Cikin casa'in ɗin, uku na sha.