Godiyar Dole a Ajingi

Daga Kano zuwa Gaya

Ranar Asabar ana kiran assalatu na bar gida, jaka ɗaya ta kaya, ɗaya ta kwamfutar ofis. Mahaifiyata, Inna, tana Gafasa. Yanar ido ta rufe mata gani shekara da shekaru, ba ta gane mutum sai da murya. An sa ranar Talata za a yi mata aiki, Laraba a cire bandeji. Abin da ta roƙa ɗaya ne: in an buɗe idon, ta same ni a gabanta.

Hutu kuwa na riga na cinye nawa. Da ƙyar oga ya yarda in tafi da aikin, da sharaɗin kullum in shiga ta VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar da ke haɗa kwamfutata da ta ofis don kada wani ya leƙa bayanan mutane. Sabis ɗin waya a wajenmu na gaisuwa ne, ba ya ɗaukar aiki. Amma Yaya Sani ya rantse mini cewa an sa waifai na kyauta a Ajingi, har samari na kallon ƙwallo da shi.

Aka cusa mu huɗu a bayan ƙaramar mota. Bayan gadar Wudil masu shinge suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya ce, "Hajiya, me ke cikin jakar nan da kika rungume kamar jariri?" Na ce kwamfuta ce. Direba ya ce, "Bar ta, Yallaɓai, tun daga Kano ko ni ba ta bari na taɓa ba." Aka yi dariya, muka wuce.

Gaya

Hantsi bai yi ba muka sauka. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na shiga wani shagon buga takardu mai waifai don in gwada abin tun da wuri. Kwamfuta ta kama waifai, amma VPN sai juyi yake, ya ƙi shiga. Na kira Malam Bashir, mai kula da kwamfutocin ofishinmu.

Ya ce, "Hadiza, irin wannan waifai na jama'a yana da shafin sallama. Sai kin bi ta kansa ake buɗe miki hanya, shi kuma VPN in yana kunne ba ya barin shafin ya fito. Kashe shi tukuna, ki buɗe intanet, ki amsa abin da suka tambaya, sannan ki kunna."

Haka na yi, nan take ya shiga. Na hau a-daidaita-sahu zuwa Ajingi da farin ciki, ina ganin ai na gama da matsala. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Gafasa

Yaya Sani ya ɗauko ni a babur, muka ratsa gonakin gero da dawa, hanya duk taɓo don ruwan da aka yi. Inna na jin sallamata ta miƙo hannu, ta shafa fuskata ta ce, "Kin rame, ko hannuna ne?" Na ce ta bari Laraba ta gani da idonta. Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana biyu a ɗakinta.

Ajingi

Litinin da sassafe Yaya ya sauke ni a rumfar da aka kafa na'urar waifai ɗin, ya wuce kasuwancinsa. Maza ne zalla a wurin. Wani ya tashi ya ba ni benci, na koma gefe na buɗe kwamfuta. Na kashe VPN kamar yadda aka koya mini, shafin sallama ya fito. Hoton wani Honorabul ne, hula a karkace, murmushi har kunne, a ƙasa kuma maɓalli ɗaya tak mai cewa "Na gode". Babu wata hanyar wucewa sai ta nan. Na danna, na kunna VPN, ya shiga, na fara aiki.

Ban gama shigar da bayanan mutum biyu ba komai ya tsaya. Na kashe VPN, sai ga Honorabul ya dawo da murmushinsa. Na sake gode masa. Abin da na rubuta ya tafi, na faro daga farko. Kafin in kai inda na tsaya, ya sake yankewa.

Malam Bashir ya ce, "Ba daga wajenmu ba ne. Na'urarsu ce ke korar mutum bayan ɗan lokaci. Ki roƙi mai kula da ita ya ƙara wa'adin, abu ne na minti ɗaya. Kuma ki yi hattara, in na'urar ofis ta ga ana ta shiga ana fita daga baƙon wuri, ɗauka take ɓarawo ne."

Mai kula da wurin wani magidanci ne, Malam Ado. Na gaishe shi da ladabi, na yi masa bayani har da zancen idon Inna. Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ai da wa'adin awa guda ne, ni na rage shi."

Na ce, "Kai ka rage? Don me?"

"Malama, duk ƙarshen mako ana kai wa Honorabul adadin waɗanda suka gode. In ya yi ƙasa, sai a ce jama'a ba sa amfana, a ɗauke na'urar a kai wata mazaɓa. To mu nawa ne a garin? Dole kowa ya gode da yawa."

Samarin rumfar suka yi dariya. Su bai dame su ba, ƙwallo in ta tsaya sai a danna a ci gaba. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce ya ƙara mini na yau kaɗai, ni zan zauna in danna masa godiya har yamma. Ya ce in ya yi mini, gobe kowa zai zo da uzurinsa. Dama an ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ban taɓa ganin inda ake tatsar godiya kamar nonon saniya ba sai ranar.

Na koma benci na sake gwadawa, don ba ni da zaɓi. Kafin azahar ofis ya kulle ni. Malam Bashir ya ce ba ya buɗuwa daga nesa, sai an kawo kwamfutar an haɗa ta da layin ofis. Oga ya karɓi wayar ya ce, "An gwada, bai yiwu ba. Gobe ina son ganinki a kujerarki."

Komawa

Inna ba ta yi ƙorafi ba. Cewa ta yi, "Je ki, aiki ba wasa ba ne," ta juya fuska wajen bango. Talata da asuba mota ɗaya ta ɗauke mu zuwa Gaya, ita da Yaya suka sauka a asibiti, ni na wuce Kano. Buɗe kullen bai ɗauki Malam Bashir tsawon shan kofin shayi ba.

Laraba aka cire bandeji, ido ya buɗe. A hanyarsu ta komawa Yaya ya tsaya a rumfar Ajingi don ya kira ni ta bidiyo. Muna cikin gaisawa ya miƙa mata wayar ya ce, "Inna, ga Hadiza," daidai nan wa'adi ya cika, layin ya yanke. Daga baya ya gaya mini cewa ta ƙura wa wayar ido, ta ce, "Wannan mai hular kuma wane ne? Ina 'yata?"

Na dawo gida lafiya, na gode wa Allah da ya mayar wa Inna ganinta. Na gode wa Yaya Sani, da Malam Bashir, da bawan Allahn da ya ba ni benci. Godiyar da na yi ta dannawa a Ajingi kuwa, duk mai kai lissafi ya cire tawa, don ban gode ba.