Ranar Da Motar Taubashina Ta Nemi Caji

Ranar sunan 'yar ƙanwata ce taubashina, ɗan kawuna, ya shigo Daura da motar lantarki. Ba ƙara, ba hayaƙi, ganinta kawai muka yi a ƙofar gida kamar an ajiye. Injiniya ne a Abuja, kuma tun muna yara bakinsa ya fi ƙarfinsa. Da aka shafa fatiha mutane suka bar goro suka kewaye motar, shi kuwa ya jingina da ita ya buɗe makaranta.

"Nan gaba duk irinta za ku hau," in ji shi. "Abin da ya rage a gina mana tashar nukiliya, wuta ta zauna dare da rana, kowa ya yi caji a gidansa."

Liman ya ce, "Ba shi ne abin nan da ake haɗa bam da shi ba?"

"Allah gafarta Malam, wannan daban. Ana tsare shi sosai. Tsoronsa jahilci ne kawai."

Ina raba waina lokacin da kalmar jahilcin nan ta faɗo kunnena. Na ajiye faranti.

Mahaifinmu direban tifa ne. Shekaru ya yi a arewacin Nijar yana kwasar ƙasa a ramin da ake haƙo yuraniyom, wato dutsen da ake sarrafawa a kunna irin tashar da taubashina yake yabo. In ya zo hutu ta Mai'adua, Inna kan wanke kayansa ruwa uku kafin launin ƙasar ya fita. Zuwansa na ƙarshe da tari ya dawo. Mutumin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai ya koma sai an riƙe masa buta. Babu likitan da ya taɓa ce mana ƙasar ce ta kashe shi, kuma ba zan ɓoye ba, Baba ya sha taba a ƙuruciyarsa. Amma abokan aikinsa biyu da suka zo mana ta'aziyya, irin tarinsa suke yi. Ni dai na riga na yanke hukuncina.

Na ɗauki farantina na ci gaba da rabon waina. Taubashina ya kwashi mata ya kai su Sandamu gaishe-gaishe, ya dawo, ya sake komawa ɗauko wata tsohuwa, duk don a ga mota. Kafin azahar batir ya yi ƙasa, unguwarmu kuwa kwana uku ba wuta. Ni mai walda ne, ina da babban janareta a shago. Nan ya same ni yana murmushi, wayar caji a naɗe a hannunsa.

"Ɗan mace, tayar mini da injin nan naka in ɗan sha wuta."

"Je ka tashar nukiliyarka."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasan taubasai ne.

Na ce, "Ba wasa nake ba. Kai ka ci tuwon Baba, ka hau tifarsa. Ka ga yadda ya ƙare. Yau ka tsaya a ƙofar gidansa kana kiranmu jahilai?"

Fuskarsa ta canza. "Allah Ya jiƙan Baba. Amma ramin haƙa daban, tasha daban. In an bi ƙa'ida..."

"Wa zai bi? Ƙasar da taransifoma ke ƙonewa a yi wata ba a waiwaye ta ba? Ku a ofis za ku zauna cikin sanyi. Masu kwasar ƙasar kuma 'ya'yan wa?"

"Wannan zafin rai ne, ba ilimi ba."

Na nuna masa hanya. Ya tafi, amma cikin gida ya nufa, wurin gwaggonsa. Ba a jima ba Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗaki, hayaniyar 'yan suna tana shigowa ta taga.

Ta ce, "Ni na yi jinyar ubanka, ba kai ba. Abin da na gani ba ka ga rabinsa ba. Amma ɗan yayana ba zai rasa hanyar komawa gida ba alhali injinka na zaune. Tashi."

Ba a musu da Inna. Na koma na tayar da janareta da hannuna. Baƙin hayaƙin gas ya turnuƙe farar motarsa, kuma na ji daɗin ganin haka. Muka zauna a benci ɗaya, shi a wancan gefe ni a wannan, har bayan la'asar. Da ya yi shiru da an rabu lafiya. Sai ya nuna hayaƙin da leɓe.

"Ka san abin nan da kake shaƙa kullum ya fi abin da kake tsoro kashe mutane?"

Ban san lokacin da na miƙe da guduma a hannuna ba. Ban ɗaga ta ba, amma ya gani. Na kashe injin, na zare wayarsa na jefa masa a cinya.

"Abin da ta sha ya kai ka Kano. Kada ka ƙara tako mini shago."

Ya naɗe wayar a hankali, ya shiga mota, ya tafi ko sallama bai yi wa gwaggonsa ba.

Da Sallah ƙarama Kawu ya zaunar da mu a zaurensa, ya yi mana nasiha a kan zumunci, ya ce kowa ya miƙa hannu. Muka miƙa. Taubashina ya ce bai yi nufin taɓa Baba ba, amma maganarsa tana nan, ba zai janye gaskiya don a ji daɗi ba. Na ce ni ma tawa tana nan. Kawu ya dube mu, ya girgiza kai, ya sa aka kawo tuwo a kwano ɗaya. Muka ci, kowa ya wanke hannunsa ya fita ta hanyarsa.