Gunnvor da Safar Hannunta

Ylva ta fara jin sunan ne a wani shagon kayan sadarwa na garin Narvik, da mai shagon ya ce, "Gunnvor, yau ma da safar hannun?"

Gunnvor doguwa ce mai furfura, yatsunta biyu guntaye, irin na kakan Ylva da sanyi ya ci. Rauta take zaɓa, na'urar da ke haɗa tashoshin ruwa na kan duwatsu da ofis ta intanet, tana tare masu kutse. Ko kwalin ba ta kallo. Da safar mai kauri take gwada cusa waya a jikin na'urar.

"Wannan ta 'yan ofis ce," in ji ta. "A can kan duwatsu, ka cire safa, sanyi ya cinye maka yatsa."

Sai ta juyo wajen Ylva. "'Yata, hannunki kamar na yarinyar da zan tura can. Sa safar, gwada min."